Shekarar da Yayarku Ta Zo Ta Huɗu

Na sha jin ku kuna maimaita labarin nan, musamman in kun taru a gida da Sallah kuna tsokanar yayarku, wai ni ce na sa ta zo ta huɗu a aji da gangan don in rage mata ji da kai. Ku yi dariya, ita ma ta yi, ni kuwa in ci gaba da tsinke zogalena. Har jikokina sun fara ɗauka. To, ba haka aka yi ba. Yawancinku kuna ƙanana a lokacin, Auta ma tana goye, ƙarshen maganar kawai kuka tsinta. Yanzu da na ajiye alli na sami zama, bari in rubuta muku yadda shekarar ta kasance, domin a duk shekarun da na yi ina koyar da lissafi a Wudil babu wadda na ji daɗinta kamar ita, babu kuma wadda ta jawo mini asara kamar ita.

Nafisa. Ko yanzu sai da na ɗan yi jim kafin in rubuta sunan, don kun san 'yar fari ce, bakina bai saba da shi ba, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Sunan Inna ta ci, mahaifiyar Abbanku, wadda muke zaune tare da ita a gidanmu na Sabon Gari, shi ya sa Abba yake ce mata Mamana, Inna kuma take ce mata takwara. Tun daga aji ɗaya na firamare yarinyar nan ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Abu sau ɗaya take karantawa ya zauna. Abbanku a lokacin malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Kausani da Lajawa, kuma duk ƙarshen zango takardar sakamakonta tana aljihun gabansa. Sai ya je duba gonar mutum, a gama maganar taki da tsutsa, ya zaro takardar ya nuna wa manomin da ko karatun boko bai yi ba. Ni kunya ba ta bari in yabe ta da baki, amma kada in yi muku ƙarya, kaina ya fi na Abbanku kumbura. Da ta shiga aji huɗu na sakandare a makarantar 'yan matan da nake koyarwa, sai ga ta a ajina. In na rubuta tambaya a allo, kafin in karkaɗe alli daga hannuna ta gama. Da ita nake yi wa sauran gori. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko akwai ranar da na ba ta abin da ya fi ƙarfinta.

A zangon farko aka kira gasar lissafi ta makarantu a Kano, aka ce kowace makaranta ta kawo ɗaliba ɗaya. Ba a ma yi shawara ba. Ranar muka haye gada da sassafe a motar makaranta, masunta suna ta janyo koma a ƙasa, yarinyar nan tana ta zuba mini surutu har muka doshi birni. Aka shigar da su wani babban zaure, mu malamai muka zauna a waje. Awa biyu aka ba su. Ba a yi awa ɗaya ba sai na hango ta ta fito. Na miƙe da murna, na ɗauka gamawa ta yi. Da ta matso na ga leɓenta ya bushe, na kama hannunta na ji sanyi ƙalau. Daga baya na karɓi takardar tambayoyin na duba. Shida ne. Ta yi huɗu na farko babu kuskure. Ta biyar wata irin tambaya ce da ba ta yi kama da komai a littafinmu ba, a nan ta tsaya, ta zuba mata ido har kanta ya ɗau zafi, ta tashi ta miƙa takarda. Ta shida kuwa mai sauƙi ce, da ta duba da minti biyar ta ishe ta. Ko karanta ta ba ta yi ba.

Kwana uku ba ta je makaranta ba, wai ciwon kai. Abbanku ya yi ta faɗa a tsakar gida, yana cewa masu gasar nan mugaye ne, sun kawo wa yara tambayar jami'a, ba laifin Mamana ba ne. A rana ta uku na shiga ɗaki na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ce ta tashi ta ci abinci. Ba ta juyo ba ta ce tana so a mayar da ita ajin adabi, ta gama da lissafi. Na tambaye ta dalili.

"Umma, ashe duk ƙarya ce," in ji ta. "Ban iya komai ba. Tambaya ɗaya ta tona mini asiri."

Na zauna a bakin gado. Shekara goma ana ce wa yarinya ke mai ƙwaƙwalwa ce, ita kuma ta fahimci ƙwaƙwalwa ita ce ka ga abu ka gane nan take. Ranar da ta ga abu ba ta gane ba, sai ta yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar ce babu. Kuma mu muka koya mata haka, ni a gaba.

Inna ce ta fito da ita daga ɗakin, ba ni ba. Kun san Inna 'yar gidan maginan tukwane ce, har ta tsufa ba ta daina ba, tana da ɗan wurinta a bayan madafa inda take kwaɓa yumɓu ta gina kasko da tulu. Da hantsi ta dogara sandarta ta je ƙofar ɗakin, ta ce takwara ta fito ta taya ta aiki, hannunta ya fara rawa. Yarinyar nan ba ta iya musa wa Inna ba. Ta fito tana ɓata rai, Inna ta dangwara mata curin yumɓu a gaba ta ce ta gina kasko. Na farko ya zube tun bai kai tsayin yatsa ba. Na biyu ya karkace ya zauna kamar hular da aka taka. Inna tana ta ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Na uku da ya rushe sai yarinyar ta yi jifa da yumɓun za ta tashi, Inna ta riƙe mata gefen zane.

"Zauna, takwara. Ni sai da na rusa tukwane sun fi gashin kanki yawa kafin uwata ta yarda a gasa tawa. Taɓa nan. Kin ji inda ya yi siriri? Nan ne ya ci amanarki. Sake."

Ina madafa ina leƙensu. Kafin azahar yumɓu ya kai mata gwiwar hannu, ya shafe mata goshi, kuma da kasko na bakwai ko na takwas ya faɗi sai na ji ta kwashe da dariya ita ma, ta ce wa Inna wannan karon ta san inda ta yi ganganci. Yarinyar da tambaya ɗaya ta kwantar kwana uku ga ta nan ta faɗi sau takwas tana neman na tara. Na sauke tukunya, na zari mayafi, na fita ko takalmin kirki ban sa ba.

Gidan da ke jikin namu wata malamar jami'a ce take haya a ciki, Dakta Fa'iza, mutuniyar Yola, lissafi take koyarwa a jami'ar nan tamu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, don ina jin nauyinta. Ranar ko gaisuwar ban ƙarasa da kyau ba na zube mata labarin gaba ɗaya. Ta saurara tana murmushi, ta ce duk shekara irin waɗannan yaran suke zuwar mata daga ko'ina a Arewa, kowa shi ne na ɗaya a garinsu, jarrabawar farko in ta kayar da su wasu har kaya suke haɗawa. Ta ce ba ta jin tsoron ɗalibin da ya saba shan wuya, wanda bai taɓa sha ba shi ne abin tausayi. Sai ta janyo wani littafin rubutu mai kauri ta buɗe mini, shafi bayan shafi duk an soke da jan biro.

"Malama, tambaya ɗaya ce wannan. Shekara biyu ke nan muna kokawa da ita, har yau ba ta faɗi ba."

Na dube ta, mace mai digiri uku, tana faɗin haka fuskarta fal annuri kamar mai ba da labarin biki. Na ce ta ba ni tambayoyi, irin waɗanda ba a gamawa a zama ɗaya, amma waɗanda yarinya 'yar sakandare za ta iya fahimtar abin da ake nema. Ta ce in dawo jibi.

Haka aka fara. Na zaɓi 'yan mata shida, waɗanda suka fi kowa a ajujuwansu, muna haɗuwa Talata da Alhamis bayan azahar a gindin darbejiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje, da wani tsohon allo da muka jingina da itacen. Dokokina ba su da yawa. Tambaya ɗaya ce har sai ta faɗi, ko da za ta kai wata. Ba na faɗin amsa. Kuma duk zama kowa sai ta fito allo ta nuna mana hanyar da ta bi ba ta ɓulle ba, da daidai wurin da ta toshe. Makon farko kamar gidan makoki. Shida ɗin nan babu wadda ta taɓa tsayawa gaban mutane ta ce na kasa, kowa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Sai na ce to ni zan fara. Dama tambayar ta ba ni wuya ni ma, na kwana biyu ina juya ta. Na fito na zana hanyata, na ce ga inda na maƙale. Suka zaro ido. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba, Hauwa, 'yar wani manomi daga Lajawa da ke zaune wurin gwaggonta a gari, ta ɗaga hannu a hankali ta ce Malama kamar a layi na uku kin manta da ragi. Na duba, wallahi haka ne. Na ce ta zo ta gyara ni. Daga ranar bakinsu ya buɗe. Kafin wata guda sai da na riƙa raba faɗa a kan wa za ta riga fitowa ta nuna kuskurenta. Su suka sa wa zaman suna Ajin Kuskure, sunan ya bi makaranta.

Yayarku ita ce ta ƙarshe da ta saki jiki. Makonni tana zuwa ta zauna a baya, in an zo kanta ta ce ba ta gwada ba, alhali na san ta gwada, don ina ganin takardun da take yayyagawa a kwandon shara. A gida ba ta yi mini magana sai ta dole. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Wata Alhamis dai ta tashi ba wanda ya kira ta, ta ɗauki alli, ta cika allo da wata doguwar hanya, ta ja layi a ƙasa ta ce daga nan ta ɓata. Hauwa ta ce amma rabin farkon nan ya fi nata kyau, ta ara mata. Na ga yarinyar nan ta juyo tana duban Hauwa da mamaki, ashe abin da ya lalace ma yana da mai so.

A zango na uku Dakta ta aiko mana da tambayar da ta zama tarihi a gidan nan. Ƙwallaye goma sha biyu ne, kamarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, ban da guda ɗaya da ta bambanta, ba a kuma san ko ta fi sauran nauyi ba ne ko ta fi su sauƙi. Ga ma'auni mai hannu biyu. Sau uku kacal aka yarda ka auna, ka fitar da baƙuwar, ka kuma faɗi ko nauyi ta yi ko sauƙi. Da jin ta kowa ta ce wannan ai wasa ne. Yayarku ta ce a bari ta kawo ƙwallayen. Ita da Inna suka mulmula guda goma sha uku da yumɓu, ta riƙa kai su sikelin makaranta tana kankarewa har nauyinsu ya zo ɗaya, Inna ta tura ɗan guntun ƙarfe a cikin wata, ta bar rami a cikin wata, aka gasa. Muka ɗaura gwangwanin madara biyu a jikin sanda da igiya, ma'auni ya samu. Duk zama sai in ɓoye hannu a jaka in sa mai ƙarfen ko mai ramin a cikin sha biyun, su yi ta fama. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Sau huɗu kowa tana iyawa, sau ukun ne ya gagara. Yara suna tafe a hanya suna gardama, a layin famfo suna gardama. Ni kaina sai in tsinci kaina ina tuƙa tuwo ina raba ƙwallaye a ka.

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna, kuma ina so ku san shi. Cikin shidan akwai Maryam, 'yar wani mai kantin magani, yarinya mai kaifin kai amma mai raunin zuciya. Wata rana na ga ta yi shiru, na ce ta fito allo. Ta ce ba ta shirya ba. Ni kuwa daɗin abin ya ɗebe ni, na ga kowa tana tashi, na ce doka doka ce, sai ta fito. Ta tsaya da alli a hannu, hawaye suka zubo, ta ajiye ta tafi. Ban bi ta ba, na ce gobe za ta huce. Washegari mahaifinta ya zo wurin shugabar makaranta, ya ce 'yarsa da take ta ɗaya a ajinsu yanzu tana kuka a gida tana cewa ita daƙiƙiya ce, wace irin koyarwa ce wannan. Wasu iyayen suka bi bayansa. Shugaba ta kira ni ofis ta ce ba za ta hana ni ba, amma in sani maganar ta wuce makaranta. Maryam ba ta sake dawowa gindin darbejiya ba. A shekarar ana maganar ba ni mataimakiyar shugaba, da takarda ta fito sunan wata ne a kai, kuma ban sake jin maganar ba har na yi ritaya. Muƙamin bai tsaya mini a rai kamar Maryam ba. Inna ta riƙe gefen zanen takwararta tana dariya, ta kama yatsanta ta ɗora a inda ya yi siriri. Ni na tsayar da 'yar mutane ita kaɗai a gaban allo. Daga ranar na canza. In na ga yarinya ta yi nauyi sai in je in zauna kusa da ita, mu duba takardar tare, in ta ga dama ta fito, in ba ta ga dama ba wani zaman.

Maganar ta iso gida, dama Abbanku a cike yake. Saura mako uku jarrabawar ƙarshen shekara, ya dawo daga Kausani da la'asar ya tarar da Mamansa a tsakar gida da gwangwanaye da ƙwallayen yumɓu, littafin tarihi da na labarin ƙasa suna gefe a rufe. Ya kira ni ɗaki. Bai ɗaga murya ba, kun san shi, amma ya ce na mayar da yarinya abin gwaji, na riga na jawo wa kaina magana a gari, yanzu kuma zan sa ta rasa matsayin da ta riƙe shekara goma. Ya ce ranar rabon kyaututtuka duk shekara 'yan'uwansa suna zuwa, me zai ce musu. Ya ce a dakatar da ajin nan har bayan jarrabawa. Na ce masa ina jin tsoron in an dakatar yanzu, tambayar tana tsakiya, abin da za ta koya shi ne in abu ya yi wuya ana ajiye shi a koma inda ake tafa maka. Sai ya ce a kira ta, ita ta zaɓa, kuma duk abin da ta zaɓa kada in sa baki. Na yarda, ko da yake har lokacin ban san ko ta yafe mini ba.

Ta shigo ta durƙusa. Abba ya yi mata bayani tsakani da Allah, bai karkata ba.

"Abba, ta ɗaya na san yadda take," ta ce. "Wannan ban san yadda za ta ƙare ba. Ina so in gani."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki butarsa ya fita.

Alhamis ta gaba ita ce ranar. Tun farko yayarku ta nace a kan raba ƙwallayen shida da shida, Hauwa ce ta kawar da su daga nan. Ta ce a gida in ana auna hatsi, kwanon da aka tabbatar da shi ake gwada sauran da shi, don haka a fara da huɗu da huɗu, a ajiye huɗu, duk yadda ta kaya za a sami wasu da aka tabbatar lafiyarsu ƙalau. Wannan ya kai su rabin hanya, suka maƙale a awo na biyu kwana da kwanaki. Ranar ana ta hadari, iska tana kaɗa allo, ina cewa mu tashi kada ruwa ya kama mu. Yarinyar nan tana tsugune gaban ma'auni, gwangwani ɗaya ya rinjayi ɗaya, ta ƙura musu ido. Sai na ji ta ce, a hankali kamar mai magana da kanta, me ya sa muke barin kowace ƙwallo a gidanta. Ta kwashe uku daga gwangwanin da ya yi sama ta ajiye gefe, ta ɗebo uku daga wanda ya yi ƙasa ta zuba a gurbinsu, ta cike wancan da uku daga cikin lafiyayyun Hauwa. Ta ce in ma'auni ya daidaita, baƙuwar tana cikin waɗanda ta fitar. In ya juya, tana cikin waɗanda suka yi ƙaura. In ya tsaya yadda yake, tana cikin biyun da ba a taɓa ba. Ko ta ina, awo ɗaya ya isa ya ƙarasa.

Hauwa ta ce a gwada. Na juya baya na canza ƙwallo, suka auna sau uku, suka fitar da ita. Na sake, suka fitar. Sau bakwai muna yi, yayyafi ya fara sauka, babu wadda ta motsa. A na bakwai Hauwa ta yi tsalle ta rungume yayarku suka zube a ƙasa, sauran suka hau ihu har mai gadi ya taho da gudu yana zaton maciji ne. Ni kuwa, malama mai shekara ashirin a aji, na tsinci kaina ina tafi ina tsalle a cikin ruwa. Ba mu tsaya neman mota ba. Muka taho a ƙafa har Sabon Gari, jiƙe sharkaf, 'yan mata biyar da ni, ɗaya ta rungume gwangwanaye a cikin hijabi, muka yi ta buga ƙofar Dakta. Ta fito, suka nuna mata a kan dandamalin ƙofarta, kowa tana katse kowa. Ta ce ita kanta sai da ta yi mako a kan tambayar nan tana ɗaliba. Inna ta jiyo hayaniya ta leƙo ta katanga, da aka gaya mata ƙwallayenta sun yi aiki sai ta rangaɗa guɗa. A ƙofar gida yarinyar nan ta kama hannuna ta matse.

Saura kwana goma sha wani abu jarrabawa, ta koma kan littattafanta, amma lokacin bai isa ta haddace komai yadda ta saba ba. A tarihi da labarin ƙasa ta sauka. A lissafi kuma, takardar da ni na duba, ta bar hanyar littafi a wata tambaya ta bi tata, hanyar tana da kyau amma ta yi tuntuɓe a ƙarshe, amsar ta kauce. Na ba ta makin hanya, na yanke na amsa, daidai yadda zan yi wa 'yar kowa. Wata abokiyar aikina ta ga takardar ta ce ai da na ɗan duba, 'yata ce. Na ce shi ya sa. Daga bakin wannan baiwar Allah labarin ya fita cewa na kayar da 'yata da hannuna, har ya zo kunnuwanku. Da aka haɗa maki, Hauwa, da suke aji ɗaya, ta zo ta biyu, yayarku ta huɗu.

Ranar da aka ba da sakamako na riga ta dawowa gida, na kasa zaune na kasa tsaye. Abbanku yana kan tabarma a inuwar zaure, Inna tana gefe tana gyaran gyaɗa. Ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa ta miƙa masa takardar da hannu biyu, ta ce Abba na zo ta huɗu. Ya duba takardar. Kafin ya yi magana ta buɗe jakarta ta fito da sanda da gwangwanaye, ta jera ƙwallaye goma sha biyu a gabansa, ta ce ga abin da ta saya da matsayin nata, tana so ya gwada. Ta faɗa masa dokar. Ya ce shi da yake auna taki da iri kullum, wannan ai ba komai ba ne. Ya ɗauki ƙwallo biyu yana jinjinawa a tafin hannu, Inna ta ɗaka masa tsawa ta ce ba a haka, ya bi doka kamar kowa. Ya raba shida da shida. Ya sake. Ya cire hula ya ajiye. Ku ƙanana kuka kewaye shi kuna ba shi shawarar banza, Auta ta rarrafo ta ɗauki ƙwallo ɗaya za ta kai baki aka ƙwace. Takardar sakamako tana gefen tabarma, iska ta ɗan ɗaga ta, Inna ta ɗora mata kwanon gyaɗa. Har aka kira la'asar yana nan. Yayarku ta tausaya masa, ta matso ta ce ko ta nuna masa awo na farko kawai. Ya ɗaga hannu ya tare ta, idonsa na kan gwangwanaye.

"A'a, Mamana. Kada ki faɗa mini. Ki ba ni kwana uku."